Maganar antioksidan da itatuwan dajinmu

Jawabin da malamin lakwal ɗinmu ya yi gaban taron ƙungiya na bayan kaka. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, don ƴan'uwa da ke nesa su samu.

Mai gari, ranka ya daɗe. Allah ya gafarta malam liman. Iyayenmu maza da mata, da ku ƴan'uwa da kunka zo daga Yamai, da Kano, da Kwatanu, da Abijan, sannunku da hanya.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana bisa wata kalma da ta shigo garinmu cikin jakunkunan ƴan biɗa da cikin salula. Kalmar ita ce antioksidan. Ana ganinta rubuce da Faransanci ko Ingilishi bisa kwalin garin zogala da kwalaben ƙwayoyi da ake kawo ma tsofaffi tsaraba. Masu tallar magani cikin WhatsApp su ma sun riƙe ta: sai ka ji an ce abu kaza cike yake da antioksidan, yana wanke jini, yana kashe tansiyo da ciwon sukari da sankara, yana maida tsoho yaro. Asara iri biyu ke fitowa daga nan. Yaro ya sha wahala a bakin teku, ya zuba jikkuna ya sayi ganyen da ke bayan ɗakin uwarsa. Uba kuma ya karɓi kwalbar, ya yi murna, ya aje ƙwayar tansiyo da lokotoro ya rubuta masa. Ta farko asarar kuɗɗi ce. Ta biyu tana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki.

Aikina koyar da yara ne, don haka zan bi da ku yadda nake bi da ƴan aji shida. Dattawa su yi mini gafara.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata wani abu ne da ake ce ma oksijan. Shi ke rayar da wuta: ka kife tukunya bisa fitila, ta mutu. Shi ke rayar da mu. Amma shi ɗin ne kuma ke cin ƙarfe. Wanda ya manta hauyarsa a gona damina ta bi ta kanta, ya san tsatsa. Wanda ya ɓare goro da safe ya aje ɓari guda cikin aljihu, da marece zai tarar fuskarsa ta yi duhu. Man gyaɗa da ya daɗe cikin kwalba buɗe, warinsa da ɗanɗanonsa su sake. Duka aikin oksijan ne.

Tun wajen 1780 wani masanin Faransa, Lavoisier, ya nuna numfashi ƙuna ce marar harshen wuta. Tuwon da munka ci shi ne iccen, oksijan ya ƙone shi sannu-sannu cikin jiki, daga nan ɗumi da ƙarfi ke fitowa. To kowace wuta tana da tartsatsi. Tartsatsin wagga wuta ta jiki masana na ce masa radikal. Inda ya faɗa, yana taɓa kitse, yana taɓa bangon hanyoyin jini, yana taɓa ƙwayoyin halitta. Hayaƙin taba yana ƙara shi, haka hayaƙin murhu cikin ɗaki rufe, da giya, da ciwon da ya daɗe a jiki. Antioksidan kuwa shi ne duk abin da ke tare tartsatsin kafin ya yi ɓarna. Ku ɗauke shi kamar yaron da anka aje da ƙwaryar ruwa kusa da rumbu ranar da ake ƙone sassabe. Mata suna iya ganin aikinsa a madafa: yanka gauta biyu, matsa lemun tsami bisa ɓari ɗaya, ki aje. Wanda bai samu lemu ba shi zai riga yin baƙi.

Jikin mutum yana ƙera nasa masu tsaro da kansa, kuma su ke yin mafi yawan aikin. Na abinci taimako ne. A 1956 wani Ba'amurke, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa tartsatsin nan shi ke kawo tsufa. Daga wanga ra'ayi ne kasuwar ta buɗe, ta kuma riga bincike gudu.

Yanzu itatuwanmu. Shin suna da abin nan? Suna da shi ƙwarai, kuma dalilin a fili yake. Icce ba ya gudu inuwa. Sabara tana tsaye cikin ranar bazara tun hantsi har la'asar, ga fara, ga tsutsa, ga akuya. Da waɗanga sinadarai take kare kanta. Ɗaci, da bauri, da tsami, da jan launi da muke gani ga tsiro, yawancinsu makamansa ne.

Na farko da kowa ya taɓa jin sunansa shi ne bitamin C. Babban mutum yana bukatar tsakanin miligiram 40 da 110 a yini, gwargwadon lissafin kowace ƙasa. Lemun zaƙi yana da wajen 50 cikin giram 100. Farin garin da ke cikin ƙwame, ɗiyan kuka, wanda yara ke tsotsa kuma ake damawa cikin nono, an auna shi a Mali an samu daga 150 har 500 cikin giram 100. Ku lura da nisan da ke tsakani: wata kuka ta ninka wata sau uku. Tsohuwar da ke cewa a ɗebo mata na kukar bakin tabki, ban da ta hanyar kasuwa, ba rigima take ba. A 2008 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da wanga gari a kasuwanninta, shi ya sa kuke ganinsa yanzu cikin leda mai hoto. Gwaiba ma tana da shi da yawa, da ɗanyen tattasai. Masanin ƙasar Hangari da ya samu kyautar Nobel a 1937 bisa bitamin C, daga tattasai ya fid da shi mai yawa, dangin wanda ake nomawa a Diffa. Wanda ya daɗe bai samu wanga bitamin ba, dasashinsa na zub da jini, miki kuma ba ya warkewa da wuri.

Na biyu launi ne. Jan soɓo wani sinadari ne da ake ce ma antosiyanin. Ina gwada ma yara shi a aji: ka ɗiga ruwan kanwa cikin jiƙon soɓo, jan ya gudu, ya koma duhu mai kore-kore, ka matsa lemun tsami, jan ya dawo. Karan dafi, da ake rina fata da shi kuma ake dafa ma mai jego, danginsa ne. Waɗanda sunka zauna Akara sun san wake da shinkafa na can, da ganyen dawa ake ba shi jan launinsa. Cikin koren ganye kuma, zogala, wadda wasunmu ke ce ma tamaka, da kuka, da rama, da tafasa, akwai wani mai ruwan ɗorawa da koren ya ɓoye, sunansa karotan. Jiki yana maida shi bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi.

Na uku bauri ne, sunansa tanin. Majema sun fi kowa saninsa, ko da ba su san sunan ba. Bagaruwar da suke jiƙa fata a ciki tana kama naman fatar ta ɗaure shi, ruɓa ba ta samun wurin shiga. Abin da ke ɗaure maka baki in ka tauna ɗanyen kanya shi ne. Yana cikin marke, da kalgo, da sabara, da geza wadda mutanen Senegal ke sha kamar shayi suna ce mata kinkeliba. Yana cikin wata jar dawa, shi ya sa tsuntsu ba ya sonta.

Don haka iyayenmu ba su yi ƙarya ba, kuma an rubuta saninsu. A 1980 an buga wani littafi a Paris, aikin Farfesa Adjanohoun na ƙasar Benin tare da masanan Nijar, wanda ya tara itatuwan magani na ƙasarmu da abin da ake yi da kowane. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ma tana bincike bisa su.

Amma ku ji yadda ake yin awon da masu talla ke kafa hujja da shi. A ɗakin bincike akwai wani ruwa mai launin shunayya. Ana daka ganye, a jiƙa, a tace, a ɗiga cikin ƴar kwalba mai wanga ruwa. In launin ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa, sai a rubuta cewa ganyen yana tare tartsatsi. Bagaruwa tana cin wagga jarrabawa da kyau, sabara haka, soɓo haka. Kusan duk ganyen da ka tsinko tsakanin nan da gulbi zai ci ta ko kaɗan ne. Sai dai cikin mutum ba ƴar kwalba ba ce. Abin da ka sha sai ya bi ta tumbi, ya bi ta hanji, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta zubar da wani. Daga cikin masu bauri da masu launi, ɗan kaɗan ne ke kaiwa ga jini, shi ma ya sake kama. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa buga dogon jeri na abinci da makin kowane a irin wanga awo. A 2012 ta janye shi da kanta, domin ƴan kasuwa sun maida shi abin talla, kuma makin ba ya nuna abin da ke faruwa cikin jikin mutum.

An kuma gwada ƙwayoyin ga mutane, abin da ya fito ya ba masana mamaki. A ƙasar Finlan an ɗauki maza masu shan taba fiye da 29.000. Wasu an ba su ƙwayar karotan kullum, wasu an ba su ƙwaya marar komi, har shekara 5 zuwa 8. Da anka bayyana sakamako a 1994, sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda sunka sha karotan. Wani gwaji irinsa a Amurka, tilas anka tsaida shi a 1996 kafin lokacinsa, saboda abu guda anka gani. Alhali kuwa mutanen da ke cin ganye da ɗiyan itace da yawa, an daɗe ana ganin sun fi samun sauƙin ciwon zuciya. Ga yadda na fahimce shi: ganye yana zuwa da abubuwa ɗari a haɗe, kowane kaɗan-kaɗan, tare da dusarsa da ruwansa. In ka zare guda ka ninka shi sau da yawa ka cusa cikin ƙwaya, wani abu ne daban ka yi. Gishiri ma haka yake. Samarinmu da ke shan taba a wuraren haƙar zinariya suna tsammani wata ƙwaya za ta goge musu huhu, wagga magana tasu ce.

Soɓo ya fi sauran sa'a, don an gwada shi yadda ya kamata. A 2010 masana a Boston ta Amurka sun bayyana gwajin mutum 65 masu tansiyo da ya ɗan hau, waɗanda ba su fara shan magani ba. Kofi 3 a yini har sati 6. Masu shan soɓo tansiyonsu ya sauka da wajen 7, na sauran da 1 da ɗan abu. To amma 7 ɗin nan a lissafinsu ne na milimita. A irin lissafin da ake mana a likita, inda ake ce maka kana da 14 ko 16, saukar 0,7 ce, ba ta kai 1 ba. Mai 14 zai ji daɗinta. Baba mai 18, in ya aje ƙwayarsa ya kama soɓo, yana nan bisa 17 da ɗori, jijiyar kansa tana cikin hatsari kamar jiya. Ya sha soɓonsa, ya gaya ma lokotoro yana sha, ya ci gaba da ƙwayarsa. Kuma soɓon gwajin ba irin na leda ba ne da ake cika ma sukari.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi damuna, don yara ya shafa. Tartsatsin nan ba kullum ne abokin gaba ba. Sojojin jini da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, da shi suke harbi. Maganin masassarar cizon sauro da ake ba yara yau, asalinsa wani haki ne na ƙasar Sin, dangin tazargade. Matar da ta fid da shi, Tu Youyou, ta samu Nobel a 2015. Kun san yadda yake kashe cutar? Yana shiga cikinta ya haɗu da ƙarfen jinin da ta ci, ya tada mata tartsatsi ya ƙone ta. Wato da akasin antioksidan yake aiki. Kinin ma daga ɓawon icce anka fid da shi a 1820. Icce yana ba da magani na gaske, bayan an gano abin da ke aiki cikinsa, an auna nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa. Yaro mai zafin jiki cikin damina ko kaka, a kai shi a ɗiba jininsa ran nan. Kwana biyu da za a yi ana jiƙa masa sabara ana turara shi, su ne kwana biyun da cutar ke bukata ta hau masa kai. Mai zawo kuma, bauri yana iya tsaida cikin, amma ruwan da ya zuba bai dawo ba. Ruwan gishiri da sukari na likita da ƙwayar zinki su ke maido shi. Jariri har wata 6 nonon uwa ya ishe shi, ɗaurin da ake ɗura masa ƙodarsa ba ta yi ƙwarin ɗauka ba. Man ɗiyan dogon yaro an ga ya sa ƙananan yara farfaɗiya da suma a Indiya da Maleziya. Mai ciki ta ci ganyen zogala yadda take so, ta nisanci saiwarta da ɓawonta.

Bauri yana da wani hali da ya kamata mata su sani. Yadda yake kama fata a majema, haka yake kama sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da hatsi da ganye, ya hana hanji ɗaukarsa. Da wanga ƙarfe jiki ke gina jini. Shayi yana da tanin da yawa. Mai ciki ko mai jego da anka ce jininta ya yi kaɗan, in ta bi tuwo da shayi mai kauri nan take, ko ta haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shi, ta rage ma kanta amfani. Ta bari awa guda ko biyu su wuce. Bitamin C kuwa taimakon ƙarfen yake ya shiga. Lemun tsami bisa wake, ko garin ƙwame cikin hura, haɗi ne mai kyau.

Ni a ganina amfanin da ya tabbata yana cikin tukunya, kuma nan ne muke zubar da shi. Ganyen da anka shanya bisa tabarma tsakiyar rana har ya yi fari, karotan ɗinsa da yawa ya tafi. Wanda ya bushe cikin inuwa, inda iska ke wucewa, yana riƙe korensa. Launin shi ne shaida, ba sai an kai shi Yamai an auna ba. A zuba shi cikin tulu ko gwangwani mai marfi, nesa da haske da laima. Bitamin C ba ya jimre dogon dahuwa, kuma kanwa tana kashe shi. Na san in na ce a bar kanwa, iyayena mata za su kore ni daga wurin nan, miyar kuɓewa ma ba za ta yafe mini ba. A rage dai, kuma a sa ganye daga baya. Zogalar da ake tafasawa a zubar da ruwa har sau biyu, wani rabo ya bi ruwan. Abu guda kuwa kakanninmu sun riga masana: karotan ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, yadda ake yinsa tun kafin a haife mu, daidai yake ba gyara. Masu lambu a gulbin Maradi, wajen Jiratawa, da wanga ganye suke cika buhuna zuwa kasuwanni. Mu ma iccen yana fita a bakin rijiya da bayan shinge.

Ga masu maganin gargajiya da ke cikinmu, ina da roƙo biyu, da ladabi nake yi. In mutum ya zo muku da ciwon kai da jiri da ganin duhu, ko yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ku tura shi a auna shi tukuna, kuma kada ku ce ya bar ƙwayarsa. Mutane sun fi jin maganarku bisa tawa. Na biyu, sassaƙe. Abincin icce yana bi ta ƙarƙashin ɓawo ne. In an kewaye gindin maɗaci ko marke da sassaƙa, an yanke masa maƙogwaro. A ɗiba gefe guda, a shafe wurin da laka, a bar shi ya warke kafin a koma. Kowa a nan ya san kirya da maɗaci nawa sunka rage tsakaninmu da garin gaba. Sabara da kalgo da geza kuwa, sassaben zamani da ya faro a jihar Maradi wajen 1983 ya nuna kututturen da ke gona yana maido su, in an bar masa reshe biyu ko uku.

Ku kuma ƴan biɗa, wanda ke son yi ma tsohonsa hidima, ya biya masa awon tansiyo da na sukari, ya tabbata ƙwayar wata-wata ba ta yanke ba. In da saura, ya sa cikin asusun ƙungiya. Abin da nake so a tattauna yau kafin a tashi shi ne waya ta shinge don lambun zogala kusa da famfo, da rumfa guda ta shanya ganye wadda mata za su riƙe. Filin lakwal yana da wuri ta gabas, ƴan aji biyar da shida za su ɗauki ban ruwa a rani in iyayensu sun yarda.

Wanda ke son ganin gwajin soɓo da kanwa da idonsa, na zo da kofi biyu da lemun tsami, suna nan bisa tebur.